Ƙaurar Chindo Zuwa Inda Babu Rezo

A Cadawa, in kana neman Chindo dillalin awaki ba sai ka tambayi kowa ba. Ka tsaya kawai ka kasa kunne, inda ka ji ana cika baki, to nan ne. Mutum ne gajere mai ƙatuwar murya, in ya sayar da akuya guda sai ya yi ta ba da labarinta har mai sayen ya yanka ta ya cinye. A faɗarsa, tun da aka haife shi ba a taɓa cin sa a ciniki ba, kuma wanda zai ci shi ɗin ko uwarsa ba ta yi wayo ba tukuna.

Bara da ya samu ribar babbar Salla, bai sayi hatsi ba, bai gyara katanga ba. Agye ya nufa, ya shiga buro, wato ofishin wani kamfani, ya dangwala hannu a kontara, yarjejeniyar shekara biyu. Ya dawo da parabol, wato farantin nan mai kama tashoshin telebijin, da wani ɗan akwati mai fitilu da ke ba wayoyi intanet, da sola da batir. Aka kafa farantin a kan dogon sandan ƙarfe a ƙofar gida, don kada mai wucewa ya yi asarar gani. Kullum la'asar Chindo na kan kujera, jama'a na kan tabarma, shi ne mai canza tasha, shi ne kuma mai fassara labarai, har da na harsunan da bai taɓa ji ba.

To, gidan da yake wannan mulki ba nasa ba ne, aron kawunsa ne. Kwatsam kawu ya aiko daga Agadas cewa yana dawowa da iyalinsa, a fitar masa da kaya.

Matarsa Laraba, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta yi baƙin ciki ba ko kaɗan. Uwarta tana Gazawa, tsohuwa ce ƙafafu sun ƙi, ko ruwan alwala sai maƙwabta sun tausaya. Laraba ta daɗe da wannan ciwo a ranta. Ta shiga mota da kanta, ta samo gidan haya na wani Alhaji Ashiru, ɗaki biyu da shago mai kallon tasha, katanga ɗaya tsakaninsa da ɗakin Inna. Alhaji ya ce mata, "Don darajar tsohuwa zan riƙe maku har ranar kasuwa mai zuwa. In ta wuce ba ku tare ba, kada ki ga laifina, masu so suna da yawa."

Kuɗin haya da kuɗin kamfani na wata-wata ba za su haɗu a aljihu ɗaya ba, wannan ko Chindo bai yi gardama ba. Ya sa babbar riga ya tafi Agye. A buro ya tarar da wata yarinya mai gilashi, Salima, ya zauna tun ba a ce masa zauna ba.

"Na zo in sallame ku," in ji shi. "Kun yi aiki, Allah ya yi albarka. Ƙaura za ni yi."

Salima ta duba na'urarta. "Malam Chindo, da sauran kusan shekara a kontararka. In ka yanke yanzu akwai kuɗin fita."

Ta faɗi kuɗin. Kuɗin tinkiya ne mai ciki, ba ragi.

"Tsaya, ɗiyata. Ni za ni daina kallo, ni kuma za ni biya?"

"Haka ka sa hannu."

"Ni fa dillali ne. In mutum ya fasa akuya, akuyar yake mayarwa. Ba a cewa ya biya kuɗin kukan da ba ta riga ta yi ba."

"Nan ba kasuwar awaki ba ce, Malam. In ba ka son biya, mu bi ka sabon gida mu kafa maka kyauta, amma shekara biyun za ta koma sabuwa fil."

"Allah ya kiyashe ni!"

"To shi ke nan. Sai fa in inda ka koma babu rezo ɗinmu sam, wato waya da akwati ba sa kama layinmu. Nan gazawar tamu ce, sai mu yanke ba ka biyan komai. Amma sai ma'aikacinmu ya je ya ga ka tare da gaske, da iyali da kaya, ya gwada akwati. In bai kama ba, ka fita. In ya kama, a nan zai kafa maka."

Chindo ya gyara zama. Ya tuna wata rana da ya je sayen awaki a rugar wani dattijo Bappa, can bayan Gangara cikin wani kwari, ya wuni wayarsa ba ta ko yi tari ba. Murmushi ya fara daga kunne ɗaya ya tafi ɗayan.

"Rubuta," in ji shi. "Chindo ya koma rugar Bappa."

"Ka tabbata?"

"Ɗiyata, rubuta kawai. Wata rana za ki ba jikokinki labarin kin taɓa ganina."

Da ya zayyana wa Laraba dabarar, ta ajiye ludayin tuya ta dube shi. Dabarar ita ce su kwashi kaya su sauka a ruga, ma'aikaci ya zo ya ga babu rezo, ya yanke, su wuce Gazawa kafin ranar kasuwa.

"Baban Hamdiya," ta ce, "ga tinkiyata can. Ka kai ta kasuwa gobe, ka biya mutanen nan, mu tafi Gazawa da mutuncinmu."

"Tinkiya? In ɗauki tinkiya in ba kamfani? Laraba, kin san wa kike aure kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na ce a sayar da tinkiyar."

Bai ji ba. Chindo in ya hango kansa yana ba da labari a majalisa, ko ganga ka buga masa a kunne ba ya ji.

Aka kira Mudi, taubashinsa, mai tsohuwar a-kori-kura. Aka loda gado da katifa da tukwane da turmi da buhun gero, tinkiya a tsakiya, Laraba da 'yarsu Hamdiya a gaba, parabol a can ƙoli. Unguwa ta fito kallo. Da wani ne sai ya yi sallama ya wuce, amma Chindo ya ga ai ana bukatar shaidu, ko kamfani zai yi bincike. Ya hau bayan mota ya buɗe murya.

"Jama'ar Cadawa, ku shaida! Na gaji da zaman gari! Daji za ni, wurin Fulani, kuma na tafi ke nan!"

"Gazawar fa?" wani ya tambaya.

"Na fasa! Mi za ni yi da Gazawa?"

Ya faɗa ya maimaita, har direbobin Gazawa da ke lodi a bakin hanya suka bar lodin suka juyo. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan Gangara mota ta kafe a yashi. Mudi ya duba babu shebur a kusa, ya sauko da parabol ya shiga kwasar yashi da shi.

"Kai Mudi! Kayan kamfani ne!"

"Ai sallamar su za ka yi. Bari ya yi aikin kirki ko sau ɗaya."

Da la'asar suka isa. Kaka ta wuce, shanu sun bazu cikin karan gero, bukkoki a jere a gefen gona. Bappa ya fito da sandarsa a kafaɗa, dattijo dogo mai sanyin magana. Chindo ya ce masa zama ya zo yi da su, shi da iyalinsa. Bappa ya dubi gado, ya dubi turmi, ya dubi matar da ba ta ɗago kai ba, bai tambayi komai ba. Ya ce bismilla, ya sa mata suka ɗaura masu bukka. Chindo ya zaro waya ya ɗaga sama, ya juya gabas ya juya yamma. Babu ko ɗigo. Ya taka 'yar rawa a gaban shanu.

"Ka sauke mu, sai ka koma," ya ce wa Mudi. "Ka dawo ranar kasuwa."

"In koma ina? Wannan tashar ba a kama ta a parabol. Ina nan."

Washegari da hantsi Chindo ya fito yana miƙa, sai ya ga mata sun yi layi sun nufi tudun da ke ƙarshen gona. Ya bi su da ido. A kan tudun akwai wani tsohon suri, ya fi mutum tsawo, an tattaka gefensa har ya zama matakala. A ƙolinsa wata tsohuwa ce tsaye, hannu ɗaya a kunne, tana ta ƙwala magana.

"Alo! Ka ji ni? Na ce kanwar shanu ta ƙare! Kanwa!"

Chindo ya katse miƙar. Ya tafi wurin Bappa da sassarfa.

"Bappa, mi take yi can?"

"Da ɗanta take magana, yana Maradi. Nan ne buronmu. Duk kwarin ga babu inda waya ke kamawa sai kan surin nan."

"Ran da na zo sayen awaki ba ku faɗa mini ba!"

"Ba ka tambaya ba. Awaki ka tambaya."

Mudi yana gefe da ƙwaryar nono, ya ƙware har nonon ya fito masa ta hanci.

Da rana ta take, maza sun kora shanu kiwo, mata sun shige inuwa, Chindo ya zaro diga daga ƙarƙashin kujerar motar Mudi. Ya ce wa matan ya ga gamsheƙa ta shiga surin, kuma shi ba zai zuba ido ta sari 'ya'yan mutane ba. Ya tofa yawu a hannu ya hau sara. Kai, surin nan kamar dutse! Ya sara, ya sara, gumi ya jiƙa riga, ƙoli ya faɗo, tsakiya ta buɗe. Abin da bai lissafa ba shi ne gidan yana da masu shi. Zago suka fito, jajayen garar nan masu manyan kai, suka bi ƙafar wando suka yi sama. Da farko ya daure don mata na kallo. Da suka kai inda ba a daurewa, ya jefar da diga ya yi wata ƙara da ta tashi tsuntsaye. Ya cire riga yana gudu, ya ratsa ta cikin maruƙa, ya taka ɗanyen kashin shanu, ƙafa ta tafi, ya sauka da baya a cikin wani wanda ya fi shi girma.

Laraba ce ta zauna tana cire masa kawunan zago ɗaya bayan ɗaya, ba da tausayi ba.

"Wayyo! A hankali mana!"

"Tinkiyar tana nan," ta ce. "Har yanzu ba a makara ba."

"An gama ai. Surin ya faɗi. Ki jira ki ga aikin maza."

Ya ga aikin maza kuwa da yamma. Makiyaya suka dawo suka tarar buronsu ya zama tarin ƙasa. Ransu ya ɓaci, amma Bappa ya ce baƙo ne, kuma don kare ransu ya yi. Samari suka tsaya shawara, sai idon ɗaya ya faɗa kan dogon sandan ƙarfen parabol da ke kwance kusa da kayan Chindo. Suka ɗauka, suka haƙa rami a kututturen surin, suka kafa. Suka zura igiya ta ƙoli, suka ɗaura ragaya da ƙwarya a ciki. In za ka yi kira, ka danna lamba, ka buɗe lasifika, ka sa waya a ƙwarya, ka ja igiya ta yi sama, ka tsaya a ƙasa kana ɗaga murya. In ba kira za ka yi ba, ka bar ta can sama, mai nemanka ya same ka. Sandan ya ninka surin tsawo. Wayoyin da suka yi wata da watanni ba su yi ƙara ba, ranar suka yi ta kuka har magariba.

Bappa ya zo da kansa da ƙwaryar kindirmo, ya ajiye a gaban Chindo.

"Da, mutum guda ke hawa, magana na yankewa. Yanzu ko daga Kano ana jin mu tas. Allah ne ya kawo mana kai, Chindo."

"Bappa, sandan ga na kamfani ne. A sauke shi, kada a ja mini magana."

"Kada ka damu. In mai kamfanin ya zo, ni da kaina za ni roƙe shi."

Chindo ya so ya je ya tumɓuke sandan, amma an sa wani ƙaton saurayi mai gora yana gadin sa don kada shanu su goga jiki. Ya je ya zagaya sau biyu, saurayin ya gaishe shi da ladabi, ya dawo.

Sai ya sake dabara. Ya sa aka ciro bukkarsa aka mayar can cikin wani busasshen tafki, inda kwarin ya fi zurfi, wai iskar tudu tana sa shi mura. Sannan ya karɓe wayar Laraba, ya haɗa da tasa ya kashe, ya tura su can ƙasan buhun gero ya ɗinke baki.

"Kada ma'aikaci ya zo ya tarar da tamu a ƙwarya," in ji shi. "Mu mutanen da ba su da rezo ne."

"In Alhaji ya neme ni fa? In Inna ta neme ni?"

"Alhaji ya ba ni kalmarsa."

"Ni ya ba. Kai ko fuskarka bai sani ba."

"To zai san ta. Duk Gazawa za ta san ta."

Ma'aikaci bai zo ranar ba, bai zo washegari ba.  Kullum da safe sai Laraba ta fito ta tsaya tana kallon hanyar Gazawa, ta koma ta zauna a kan kayanta da ba ta ko kwance ba. Tsoro ne fal a ranta, kuma duk rugar ta gani, ban da mutum ɗaya.

Sai ranar kasuwar Gazawa da hantsi aka ji ƙarar babur. Wani saurayi ne siriri da jakar kayan aiki, ya ce sunansa Safiyanu, daga kamfani. Bai gama kafe babur ba Chindo ya cafke hannunsa.

"Sannu da zuwa, ka sha hanya, mu je gida, kada ka dubi ko'ina, rana na da zafi."

Ya ja shi ta bayan bukkoki, ya bi da shi ta cikin kara, ya gangara da shi cikin tafki. Safiyanu ya ga gado, ya ga turmi, ya ga mata da 'ya da tinkiya. Ya haɗa akwati da batir. Fitila ta kawo ja. Ya ɗaga shi sama, ja. Ya hau kan turmi, ja.

"Gaskiya nan babu," in ji Safiyanu, ya zaro biro.

Chindo ya juya ya dubi Mudi, ya dubi Laraba, ƙirji ya yi gaba. Har ya fara tsara yadda zai fara labarin.

Sai daga can tudu wata waƙa ta tashi, siririya, irin ta waya.

Chindo ya fashe da tari. Ya yi tari, ya yi kaki, ya buga ƙirji. Waƙar ta ƙi tsayawa.

"Mene ne wancan?" in ji Safiyanu.

"Rediyo ce. Fulani da son rediyo."

Wata ta biyu ta kama, wannan mai kukan jariri ce.

"Wannan kuma?"

"Tsuntsu ne. Akwai su da yawa a kwarin ga."

"Tsuntsun ya yi karatun lakol," in ji Mudi. "Jiya na ji shi yana cewa alo."

Kafin Chindo ya samo amsa, ga Bappa yana gangarowa da ƙwaryar nono, bayansa rabin ruga. Ya gaida baƙo, ya ba shi ya sha, sannan ya gyara tsayuwa.

"Yaro, roƙo gare mu. Sandanku da bawan Allah nan ya kawo, ku bar mana shi. Tun da aka kafa shi muke magana da duniya. Zo ka gani da idonka."

"Bappa, baƙon yana sauri!"

"Ba na sauri," in ji Safiyanu, ya mayar da biro aljihu.

Aka ɗunguma tudu, Chindo na biye yana magana ba mai saurare. Da suka isa gindin sanda ya sha gabansu ya baza hannu.

"Rezon Najeriya ne! Iyaka tana kusa, iska ke kwaso shi. Ba naku ba ne!"

"Yanzu za mu gani."

Safiyanu ya sa akwatin a ƙwarya, ya ƙara masa wayar wuta mai tsawo, ya ja igiya. Ƙwarya ta yi sama tana lilo. Kowa ya ɗaga kai. Fitila ta yi ja, ta yi ƙyafta-ƙyafta, sai ta koma kore shar, ana hango ta daga ƙasa.

"Namu ne," in ji Safiyanu. "Ko a buro ba ya kamawa haka. Wa ya zaɓi wurin nan?"

"Shi," in ji Bappa, ya dafa kafaɗar Chindo. "Shi ya share wurin da hannunsa."

"Amma ni gidana yana cikin tafki! Tafki ka zo dubawa!"

Safiyanu ya gangara tafki da wayarsa a hannu, ya dawo. "Akwatin yana jefawa har kan gadonka, Malam. Ka tare, na gani. Rezo ya kama, kowa ya gani. Abin da ka sa hannu a kai ke nan."

Nan take ya hau aiki. Ya kakkaɓe yashin da ke cikin parabol, ya ɗaure shi a jikin sanda, ya jona telebijin a kan wata kujerar tatsa. Hoto ya fito, wasu ƙatti biyu suna kokowa. Ruga ta ɗauki guɗa.

"Shekara biyu daga yau," in ji Safiyanu. "Allah ya sa alheri a sabon gida. In za ka fita kafin nan, kuɗin fita ya ƙaru, tun da kontarar sabuwa ce."

Ana cikin guɗar nan Laraba ta hauro tudu. Hannunta duk garin gero har gwiwa, ta farke buhu ta ciro wayarta. Ba ta dubi kowa ba. Ta kunna, ta danna lambar Alhaji Ashiru, ta buɗe lasifika, ta sa a ƙwarya, ta ja igiya. Wani ya rage muryar telebijin. Muryar Alhaji ta sauko daga sama, kowa na ji.

"Laraba? Ke kuwa ina kika shiga? Na neme ki har na gaji, waya a kashe."

"Alhaji, muna tafe. Yau ne ranar, ba ta wuce ba."

"Wace tafiya? Direbobi sun zo sun ce mijinki ya hau mota ya yi shela a Cadawa, ya ce ya fasa Gazawa, ya koma daji. Ban yarda ba, na ce sai na ji daga bakinki. Da kin ce mini uffan, wallahi da na riƙe. Ɗazu wani tela ya kawo kuɗinsa, yanzu haka kekensa yana cikin shago."

Laraba ta riƙe igiyar da hannu biyu.

"Ga tsohuwa nan," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun da safe ta sa aka fito da ita ƙofa. Ni dai ban iya faɗa mata ba."

Aka ji motsi, sannan wata murya mai rawa.

"Laraba? Kun kusa? Na sa an dama maku fura, kada ta yi tsami."

"Mun kusa, Inna," in ji Laraba. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba. "Ki sa a mayar da ke inuwa."

Ta sauke ƙwarya ta ɗauki wayarta. Ko Mudi bai yi dariya ba. Chindo ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, amma bakin da ya saba ba ya iya zama haka nan.

"To, ai ba a rasa komai ba," ya ce, yana 'yar dariyar da ba ta kama ba. "Nan ma gari ne. Ga jama'a, ga nono, ga rezo. Shekara biyu kamar gobe ne. Ko ba haka ba, Bappa?"

Bappa ya sosa gemu. "Mu kam jibi za mu tashi. Mai gonar ya ce ta ƙoshi da taki, wani ya kira mu tasa can wajen Gidan Rumji. Ta sandanka ma ya same mu."

Wannan karon Mudi bai iya riƙewa ba, ya zauna a ƙasa. Safiyanu ya juya baya yana gyara jakar da ba ta lalace ba.

Laraba ta gangara tafki. Matan ruga suka bi ta ba tare da ta roƙa ba, wannan ta ɗauki tukunya, waccan ta ɗauki turmi, samari suka ɗaga gado. Kafin azahar an loda a-kori-kura, tinkiya a tsakiya, Hamdiya a gaba. Aka bar wa Chindo tabarma ɗaya da buta da telebijin. Mudi ya tayar da mota. Chindo ya biyo su da gudu, ya kama ƙofa.

"Laraba, tsaya mana! Ina za ki sauka? Gidan ai an ba wani!"

"Ɗakin Inna. Ni da ita da Hamdiya, tinkiya a ƙofa."

"Ni fa?"

Ta dube shi, ba da faɗa ba, da gajiya.

"Kai ai kana da gida, Baban Hamdiya, kamfani ya shaida. In kana son zuwa, ka fara biyawa ta Agye ka tambayi nawa za su sake ka. Amma ka nemi tinkiyarka, tawa ta Inna ce."

Mota ta ja, ya bi ta kaɗan ya tsaya. Daga tudu wani ya ƙwala masa kira, wai ya zo ya ƙara muryar telebijin, an kusa kayar da ɗaya cikin 'yan kokowar.